Zaren Kaka Radka da Shamuwar Iya

Mu ba mu da murhu. A can saman wani dogon bene a La Courneuve ta ƙasar Faransa, cikin unguwar Kat-Mil, wa zai bar ka ka hura wuta? Abin da muke da shi wata ƴar na'urar ɗumama ɗaki ce ta lantarki, mai sanduna biyu da ke yin ja zur in an kunna, tana warin ƙonannen gashi. Iya ce ta raɗa mata suna murhu, kuma a gabanta na ji duk tatsuniyar da na sani a duniya. Har yau in na shiga ɗakin da aka kunna irinta, sai kewa ta taso mini.

Bari in faɗi yadda gidanmu yake, don ba kowa ke da irinsa ba. Abba mutumin Damagaram ne. Karatu ya kai shi Bulgariya yana saurayi, ya fito da takardar digiri da mata, wato Mama. Digirin bai ba shi aiki a Faransa ba, sai ya ƙare a manyan rumbunan ƴan kasuwa na Aubervilliers, yana fita da duhu yana dawowa da duhu. Mama kuma tana jinyar tsofaffi, aikin yamma. Da aka haife ni sai aka sa mini Iliya, sunan mahaifin Mama, Abba bai yi gardama ba tunda mu ma muna da sunan. A al'adar mutanen Mama, in an haihu, kaka ce ke reno, iyaye su tafi nema. Saboda haka mahaifiyar Mama, Kaka Radka, ta kulle gidanta na ƙauye, ta bar wa maƙwabta kaji da lambu, ta zo riƙe ni na shekara guda. Shekara gudan nan ba ta ƙare ba.

Ita ta yi mini komai. Ita ta goya ni, in da gaske ana kiran turin keken jarirai goyo. Ita ke kai ni lakwal, wato makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa nesa da sauran mata, don ba ta jin Faransanci ban da gaisuwa. A bakinta na iya Bulgaranci. Ba ta da ƙawa ko ɗaya a benen nan kaf, ni ne ƙawarta, ni ne tafintanta a kanti da wajen likita.

Ina ɗan shekara shida ko bakwai Iya ta iso, mahaifiyar Abba, an kawo ta aikin yanar ido. Tabɗi! Mace ce ƴar firit amma muryarta ta cika gida. Ranar farko ta shafa fuskata ta ce, “Wannan ne mijin nawa? Miji ba Hausa, ba kuɗin cefane, sai jan kunne?” Ban ji ko kalma ba, Abba ne ya fassara yana dariya. Cikin wata kaɗan ta cusa mini Hausa da tsiya da wasa da dunguri, har na fara rama mata.

Ɗaki ɗaya aka ba mu mu uku, gadon Iya nan, na Kaka Radka can, katifata a tsakiya. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Iya na son turaren wuta, Kaka Radka na tari. In an buɗe taga don hayaƙin ya fita, Kaka Radka ta zabura ta rufe, don a wurinsu iskar da ta ratsa ɗaki ita ce uwar cututtuka. Kaka Radka na lulluɓe tukunyar nono da bargo ta ajiye a kan gado don ya yi kindirmo, Iya ta ce ba ta taɓa ganin inda ake jinyar nono ba. Iya ta buɗe gwangwanin daddawarta, Kaka Radka ta fita baranda cikin sanyi. Duk wannan ba wadda ta taɓa gaya wa ƴar'uwarta baƙar magana, tunda ba yaren faɗa. Ni ake aikowa da saƙo, ni kuma in rage masa gishiri a hanya.

Bayan sallar isha'i, kafin su Abba su dawo, Iya kan kunna murhu ta miƙe ƙafafu, ta ce, “Ga ta nan tafe, ba fasfo ba biza.” Ni kuma in ce, “Ta shigo, ba mai tare ta.” Daga nan sai Gizo da Ƙoƙi, sai kura, sai dodannin bakin rafi. In ta gama ta ce, “Ƙurunƙus! Ba don sanyin garin nan ba da na ƙara maka.” Kaka Radka kuwa tana kan kujera ta juya mana baya, fuskarta ga taga, tana saƙa. Sau ɗaya na fara fassara mata, Iya ta daka mini tsawa.

“Kai, bari! Tatsuniya ba a yi mata tafinta. In ka juye ta a wani kwano sai ta huce.”

Na daina fassarar. A lokacin daɗin labari ya hana ni lura cewa yaron da ya saba kwanciya a cinyar Kaka Radka da yamma ya koma wata cinyar. Ita kuwa ta lura.

Mutanen Bulgariya suna da wata al'ada. Ranar ɗaya ga watan Maris, kowa ya ɗaura wa wanda yake ƙauna wani zare a wuyan hannu, ja da fari a murɗe, suna ce masa martenitsa. Kowace shekara Kaka Radka kan murɗa nata da hannunta ta ɗaura mini. Shekarar farko idon Iya bai gani ba. Amma da likita ya gyara mata ido, sai ta fara ganin komai, har abin da ba a so ta gani. Na dawo daga lakwal, ta naɗe mini hannun riga zan yi alwala, sai ta yi turus.

“A'uzubillahi! Wa ya ɗaura maka laya irin ta masu bori?”

Kafin in haɗa amsa da guntuwar Hausata, ta jawo almakashi ta datse, ta tofa addu'a a hannuna, ta jefa zaren a kwandon shara. Ba mugunta ba ce. A idonta jan zare a hannun jikanta tsafi ne, ta kuwa ceto ni.

Kaka Radka ta tsinci zaren da yamma, cikin ɓawon dankali. Ina kallonta ta wanke shi a famfo, ta shanya a bakin taga. Sai ta hau kujera, tsohuwa da ita, ta sauko da akwatinta daga kan kabad. Da Mama ta dawo ta ce mata, a gabana, “Yaro ya samu kaka. Tana da labarai, tana da addu'a, tana da yaren ubansa. Ni zan koma gida.”

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ban san duniya ba tare da ita ba. Mama da Abba suka shige kicin suna magana ƙasa-ƙasa. Daga baya Abba ya zo ya durƙusa gaban Iya, yana sosa ƙeya, ya ce, “Iya, al'adarsu ce kawai, ba bauta ba ce.”

“Al'ada? Ai da al'ada ake farawa. Kai ka yi nisa da gida, shi ya sa.”

Abba ya tashi sumui-sumui. Wa ya isa ya ce wa Iya ta ba da haƙuri?

Washegari ba lakwal. Na iske Kaka Radka tana ninke kaya, na riƙe hannun rigarta ina kuka ina ja, sai rigar ta zame sama. A wuyan hannunta na ga zaruruwa da yawa, wasu jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, farin ya yi dauɗa, sun cuɗe da juna. Kullum tana cikin riga mai dogon hannu, ban taɓa kula ba. Na tambaye ta. Ta zaunar da ni ta ce ba a kwance zaren sai an ga wata tsuntsuwa ta dawo daga ƙasashen zafi, sannan a ɗaura shi a reshen itace. Wasu in sun ga itace ya yi fure sai su kwance, nawa ma haka take yi mini, amma a ƙauyensu tsofaffi tsuntsuwar suke jira. A ƙofar gidanta akwai sheƙarta a kan falwaya. Nan kuwa ta dubi sama har ta gaji, sai tattabaru da jiragen sama.

Na fita a fusace na sami Iya tana jan tasbaha. Na zazzage mata duk abin da na ji, rabi Hausa rabi Faransanci. Ban san sunan tsuntsuwar da Hausa ba, sai na je jikin taga inda tururi ya rufe gilashi, na zana ta da yatsa: dogayen ƙafafu, dogon baki, tana tsaye a kan sheƙa. Iya ta matso da sabon idonta ta ƙura.

“Shamuwa ce wannan.”

“Tasu fara ce, Iya.”

“Tamu baƙa, mai farin ƙirji. Dangi ɗaya ne. In ta zo me take kawo musu?”

“Ƙarshen sanyi.”

“Mu damina take kawo mana.” Ta juyo ta dube ni. “Tun yaushe rabon tsohuwar nan da ganinta?”

“Tun da aka haife ni.”

“Innalillahi,” in ji Iya. Duk yinin ko tsokanata ba ta yi ba.

Da aka yi isha'i ta kunna murhu kamar kullum. Akwati na tsaye a bakin ƙofa. Kaka Radka na kan kujerarta, ta ba mu baya. Iya ta gyara zama ta ce, “Yau ka juye mata. Ko ta huce a sha haka.”

Ga abin da ta faɗa, ni kuma ina bi ina mayarwa da Bulgaranci. Wai an yi wata tsohuwa a wani ƙauye, ƴaƴanta duk sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Ba ta da abokin hira sai wata shamuwa da ke sheƙa a kan tsamiyar gidanta. Duk damina tana zaune a gindin tsamiya tana kaɗi, tana ba shamuwa labari. Da lokacin kaka ya yi, shamuwa za ta tafi, tsohuwa ta ce ina, ba za ta sake cin rani ita kaɗai ba. Ta ɗauko farin zaren da ta kaɗa ta ɗaure ƙafar shamuwa a reshe. Shamuwa ta yi ta fizga har ƙafa ta yi jini, rabin zaren ya rine ja. Rani ya wuce, lokacin ruwa ya yi, ko ɗigo. Gari ya shiga uku. Sai shamuwa ta buɗe baki ta ce, “Iya, ruwan nan ni nake zuwa ɗaukowa. A bayan babban teku akwai wata tsohuwa kamarki, ita ma ita kaɗai, sanyi ya rufe ta. Sai na je na kai mata zafin ranarku, sannan ta ba ni ruwa in kawo muku. Kin ɗaure ni, kin bar ta cikin sanyi, kin bar kanki cikin fari.” Tsohuwa ta ji kunya, ta yanke zaren, amma guntunsa ya tafi a ƙafar shamuwa. Da shekara ta zagayo, ga shamuwa, ga hadari a bayanta. Tsohuwa ta duba ƙafar, sai ta ga zarenta na nan, amma an ƙara masa ƙulli ɗaya, irin ƙullin da ba a yi a garinsu. Ita ma ta ƙara nata. Haka suka yi ta yi har ƙarshen ransu, ba su taɓa ganin juna ba, ba su san sunan juna ba.

Ban san a wace gaɓa ƙarar allurar saƙa ta tsaya ba. Na dai ɗaga kai na ga Kaka Radka ta juyo da kujerarta, hasken murhu na kan fuskarta. Iya ba ta ce ƙurunƙus ba ranar. Ta kamo hannuna ta miƙa wa Kaka Radka kamar mai miƙa goro. Kaka Radka ta ɗauko yankakken zaren daga bakin taga, ta ƙulla inda aka datse, ta mayar mini. Sannan ta ciro sabo ta nufi hannun Iya.

“A'a, ni hannuna na tasbaha ne,” in ji Iya. Amma ta karɓa, ta ƙulle shi a haɓar zanenta, inda take ajiye goro.

Na girma na tambayi mutanen Damagaram da yawa, ba wanda ya taɓa jin wannan tatsuniya. A ranar ta ƙaga ta. Iya ba ta iya cewa yi haƙuri ba, iyakar durƙusonta ke nan. Da safe Abba ya mayar da akwati kan kabad.

Daga nan hirar yamma ta zama ta mu uku. Ba wai sun daina saɓani ba, taga dai har Iya ta tafi ana rigima a kanta. Amma Kaka Radka ta fara ba da nata labaran, na wata tsohuwa mai saurin fushi da ke riƙe da watan Maris, in ta yi dariya rana ta fito, in ta ɗaure fuska ƙanƙara ta zubo. Iya ta ce, “Wannan ai ƴar'uwata ce.” Iya ba ta iya faɗin sunanta daidai ba, Radika take cewa. Ta koyi kalma ɗaya tak ta Bulgaranci, dobre, wato madalla. Kaka Radka ta koyi lafiya lau, da shamuwa.

Da ido ya warke sarai, Iya ta ce ita fa ba za ta mutu a saman bene ba, a mayar da ita gida. Ɗakin ya yi mana faɗi. Muka koma mu biyu gaban murhu, ba mai tsokanar kowa. Sai wata rana, wajen ƙarshen bazara, waya ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji muryar Iya daga nesa, tana ihu kamar yadda tsofaffi ke yi a waya.

“Kai mijin banza, ba kai nake nema ba. Ba ni Radika!”

Na miƙa. Ina jin Iya tana cewa, “Radika! Shamuwa! Shamuwa ta sauka, na gan ta da idona!” Kaka Radka na cewa, “Dobre, dobre, lafiya lau,” hawaye na zuba. Iya ta sa na gaya wa Kaka Radka cewa ita ta riga ta ɗaura zarenta a dalbejiyar tsakar gida, kuma ganin ƙawa gani ne, ta kwance nata. Ranar Kaka Radka ta yanke tsofaffin zaruruwan nan gaba ɗaya. Muka sauka ƙasa, muka ɗaura su a wani ɗan itace da ke gefen wurin ajiye motoci, samari na kallonmu kamar mahaukata. Fatar wuyan hannunta ta yi fari fat.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Maris ta ɗaura, farkon damina Iya ta kira, ta kwance. Hirarsu ba ta wuce kalmomin nan uku, amma sai su daɗe a kan layi, kowace na zuba yarenta, har katin waya ya ƙare.

Sauran labarin ba daɗi. Abba da Mama suka rabu ba hayaniya, ya koma unguwar Stains, Mama ta samu aiki a birnin Lyon, muka bi ta ni da Kaka Radka. Gidan Kaka Radka na ƙauye rufinsa ya rufta, maƙwabtan sun mutu, ba inda za ta koma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina jami'a Abba ya kira ni, cikin watan Afrilu, ya ce Iya ta rasu. Na gaya wa Kaka Radka. Ta gyaɗa kai, ta kunna ɗan kyandir irin nasu, ta zauna a gabansa har ya cinye. Zaren shekarar na hannunta.

Bayan haka mantuwa ta fara cin ta. Ɗan Faransancin da ta tsinta ya zube, ta koma Bulgaranci zalla. Mama na wurin aiki, ni ina wurin karatu, ita tana zaune a taga kamar da, sai dai yanzu ba saƙa. Duk Maris Mama kan ɗaura mata sabon zare, zaruruwa suka sake taruwa. In na shigo sai ta ce, “Ta kira?” Da farko ina tuna mata cewa Iya ta rasu, sai ta yi kuka sabo fil kamar yau ta ji. Na daina. Na koma cewa, “Tukuna, Kaka.”

Abin ya dame ni ƙwarai. Sai wani abokin karatuna ya ce ai arewa da Lyon, ba nisa, akwai yankin tafkuna inda fararen shamuwa ke sheƙa. Na ji haushin kaina, shekarun nan duka ga su a bayan gida! Na ari mota, na naɗe ta da bargo, na rufe tagogi ruf saboda iska, muka tafi. Ga su kuwa, manya-manya, farare, a kan sheƙa, suna kaɗa baki kaf-kaf-kaf. Kaka Radka ta fito tana dafa ni. Ta daɗe tana kallo, tana murmushi, tana kiran sunayen mutanen ƙauyensu da ban sani ba. Na yi murna, na ce yau dai an gama. Na ciro ɗan almakashi daga aljihu.

“Kaka, ga shamuwa kin gani da idonki. Kawo in kwance miki.”

Ta rufe zaren da ɗaya hannun, ta dube ni kamar na yi wauta.

“Ba ta kira ba tukuna,” in ji ta.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya a kan tsuntsuwa take, da cewa kada ka ɗaure abin da kake so. A bakin tafkin nan na gane ashe a kan tsofaffin biyu take. Kaka Radka ta bar gida da yare da kabarin mijinta saboda ni, ta rayu a ƙasar da ba mai jin maganarta, kuma a duk tsawon zaman nan mutum ɗaya ce ta taɓa duban sama dominta. Ni da na sha nonon labaransu su biyu, ina da yarukansu duka a bakina, amma ban iya maye gurbin waccan wayar ba. Yau in kewa ta kama ni, ban ma san da wane yare zan yi ta ba.

Ta rasu a Lyon cikin hunturu. Matar da ta zo shirya gawa ta ga tarin zaruruwa a hannunta, ta ɗauko almakashi, ta dubi Mama. Mama ta dube ni.

Na ce a bar mata abinta, ba a kira ba tukuna.